Hannun Yaya na Dama

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana ashirin da shida a kaɗa sabon kiɗana a ƙaramin zauren nan mai kujera ɗari da ashirin, kuma jiya sakatariyar zauren ta sake kirana. Layi goma take so, in faɗi inda na samo tunanin kiɗan, su buga a takardar da ake miƙa wa masu sauraro a bakin ƙofa. Na ce mata gobe. Wannan ce gobe ta uku.

Da wani kiɗan ne da tuni na rubuta na huta. Na bara daga keken ɗinkin telan da ke ƙasan benenmu na samo shi, yadda yake zuba gudu, ya tsaya cak, ya sake ɗauka. Na bara waccan daga famfon kicin ɗina ne da ya ƙi daina ɗiga. Mutane sun fi son a ce musu kogi ko farin wata, ni kuwa abin da ya addabi kunnena shi nake rubutawa don ya ƙyale ni. Akwai ɗan littafi a jakata, duk abin da na ji sai in ƙirga bugunsa in ajiye.

Mutum huɗu na rubuta wa, kamar kullum. Mai Hanci a goge na farko, Malama a na biyu, Dogo a matsakaici, sai Yaya a babban goge, wanda ake kafawa a ƙasa a rungume tsakanin gwiwoyi. Shekara goma sha tara ke nan suna zama suna fuskantar juna, babu mai tsaya musu da sanda a gaba. In za a fara, Mai Hanci ne ke jan numfashi da ƙarfi, sauran su faɗa tare da shi, nan sunan ya samo asali. Ban taɓa rubuta sunan kayan kiɗa a saman takarda ba. Sunan mutumin nake sawa, don shi nake rubuta wa, da halinsa da taurin kansa.

Na san sarai inda na samo wannan kiɗan. Faɗar ce ta gagare ni.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yi gwajin farko, babi na ɗaya da na biyu. Babi na uku na ce musu ban gama kwafa ba, ƙarya kuwa, yana cikin jakata tun makon jiya.

Dogo ya yi ƙorafinsa na gado, wai na ba shi gudun da ko ɓarawo ba zai yi ba. Malama ta fiƙe fensirinta ta yi alamominta. Yaya ya buɗe takardarsa, ya juya shafi, ya juya na gaba, ya koma na farko. Ya goga ƙaro a sandar gogensa ya daɗe yana gogawa. Da muka tashi sai ya ce, «Auta, bana kin ba ni hutu da yawa.» Na ce kiɗan ne ya so haka. Ya ce to.

Gaskiya na rage masa aiki. Duk inda da zan ba shi gudu da tsalle, na ba shi dogon sauti guda, a hankali, ya ja sanda kawai ya riƙe. Na yi ne don in sauƙaƙa masa, kuma na ɗauka babu wanda zai lura.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya a nan, tun da takarda ba ta da baki.

Wata huɗu da suka wuce na je gidan Yaya. Shi da kansa ya kawo mini shayi a kofin gilashi, cokali a ciki. Tun daga ƙofar kicin na ji cokalin yana bugun gilashin, ƙil ƙil ƙil, ba da sauri sosai ba, ba kuma daidai da agogon bangonsu ba. Kafin in ɗaga kai in ga hannunsa na dama, kunnena ya riga ya ƙirga: cokali bakwai, agogo huɗu. Anti, matarsa, ta dube ni, ni kuma na dubi taga. Aka ci gaba da hirar makarantar yara.

A cikin motar haya na ciro ɗan littafina na rubuta. Yayana ne, shi ya riƙe hannuna ya ɗora a kan fiyano ina 'yar shekara shida, bayan rasuwar Baba shi ya tsaya mana. Na ga hannunsa yana karkarwa, abin da ya fara zuwa mini shi ne wannan sauti yana da kyau. Na ji kunya, kuma kunyar ba ta hana ni rubutawa ba.

Babi na uku ke nan. Su uku suna karkarwa da sandunansu, bakwai a kan huɗu, Yaya a ƙasa yana riƙe da sauti ɗaya tal, siriri, na bugu talatin da biyu.

Asabar, 8 ga wata, tsakar rana

Na gwada rubuta wa sakatariya cewa ruwan sama ne a kan kwano. Na goge.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na raba babi na uku.

Mai Hanci ya ja numfashi, suka shiga. Wallahi ya fi yadda na ji shi a kaina kyau, har tsigar jikina ta tashi. Sun yi kamar layi shida, sautin Yaya ya tsinke. Aka sake. Ya sake tsinkewa. A karo na uku bai shiga ba sam, ya ɗora sandar a cinya yana sauraron su ukun, kansa a karkace. Na ga lokacin da ya gane. Ya dubi hannunsa, ya dubi hannun Dogo da ke kwaikwayonsa da ƙwarewa, sannan ya dube ni.

«Yaushe kika ƙirga?»

Ya ƙara tambaya:

«Ranar shayin nan ce ko?»

Na ce eh.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya share tsirkiyoyinsa da ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da gogen a akwatinsa, ya yi fama da maɓallan akwatin, babu wanda ya iya tashi ya taya shi. Ya bar takardarsa a kan maɗorinta ya fita. Dogo, mai surutun nan, sai tambayata ya yi ko a rufe tagogi.

Ashe duk sun sani. Wata da watanni suna rage ƙarfi in ya zo wuri mai wuya, suna rufa masa asiri da kiɗansu, ba wanda ya furta. Ni ce na zo na rubuta shi baƙi a kan fari, na kuma raba kwafi huɗu.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira wayar Yaya sau huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Haka dai.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Hanci ya zo har gida, ya ƙi zama. Ya ce akwai wata mai babban goge a wani rukuni da za ta iya koyon kiɗan cikin kwana goma, amma sai an gaya mata kafin ashirin ga wata. Ya ce ba don son ransa ba, shekara goma sha tara ba kwana goma sha tara ba ce, amma in Yaya bai hau dandamali ranar ashirin da tara ba, shi ya san halinsa, ba zai sake hawa ba har abada.

Na fusata, na ce to ku nemo ta mana, tun da gaggawa kuke. Ya ce, «Ba mu ne muka kore shi ba.» Ya sauka. Na tsaya ina jin takunsa a matakala, kuma Allah ya shirye ni, sai da na ƙirga.

Sakatariya ta turo saƙo. Ban buɗe ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kwana biyu ina sake rubuta babi na uku ba tare da karkarwar ba. Na sa musu sautuka masu laushi, masu ladabi, waɗanda ba za su ɓata wa kowa rai ba. Na kaɗa a fiyano, tela ma daga ƙasa bai dakata da kekensa ba, shi da yake tsayawa ya saurara in abu ya yi daɗi. Gawa ce kawai na yi wa kwalliya.

Malaminmu na makarantar kiɗa, Allah ya ji ƙansa, yakan ce kiɗan mutum huɗu hira ce ta 'yan gida ɗaya a ɗaki, kowa yana jin numfashin kowa, shi ya sa ƙarya ba ta daɗewa a cikinsa. A lokacin na ɗauka irin maganganun tsofaffi ne da ake rubutawa don jarrabawa.

Ina son na farkon. Ina son sa har yanzu, bayan duk abin da ya jawo, kuma wannan ne ya fi damuna.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malama ta kira ni ɗakin da take koyarwa. A shekara goma sha tara ba na jin mun taɓa magana ta minti goma a jere. Ta rufe ƙofa, ta miƙo mini gogenta, ta gyara mini riƙon sanda kamar sabuwar ɗaliba. Ta ce in yi gajerun sautuka da sauri. Na yi, ba daɗi amma sun fita. Sai ta ce to in ja guda ɗaya, a hankali, siriri, daga gindin sanda har ƙarshe, ita za ta ƙirga talatin da biyu.

A bugu na tara hannuna ya fara rawa. A na sha huɗu sandar tana tsalle a kan tsirkiya. Ni da lafiyata ƙalau.

Ta karɓi kayanta ta ce, «Gudu yana ɓoye hannu. Dogon sauti siriri shi ke tsirara mutum. Ke 'yar fiyano ce, kin danna kin saki, ba ki taɓa riƙe sauti da tsokarki ba.»

Wato abin da na kira sauƙi shi ne mafi wuyar abin da za a ba mai irin hannunsa. Shafi goma sha ɗaya na cika masa da shi, tun daga babi na ɗaya. Shekara ashirin ina rubuta wa masu goge, na san wannan a littafi, amma tausayi ya rufe mini ido, na je neman gira na tsone ido. Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya faɗa mini tun gwajin farko. Ta ce faɗar tana nufin a faɗi ɗayan abin.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je gidansu. Anti ta buɗe, ta sa yatsa a baki ta jawo ni kicin. Daga ɗakin ƙarshe ina jin babban goge. Sautin nan ne, na babi na uku. Yana farawa lafiya, ya kai goma, sha biyu, ya fara rawa, ya tsinke. Shiru kaɗan, ya sake farawa. Takardar tana can ɗakin gwaji inda ya bar ta, amma sauti ɗaya ne, me zai manta.

Anti ta ce tun ranar da ya dawo haka yake yi, safe da yamma. Ba fushin kwaikwayon ne ya zaunar da shi a gida ba, wannan ya huce tun kwana biyu. Ya rantse ne ba zai koma ba sai ya iya riƙe talatin da biyun, don kada a ce ƙanwarsa ta rubuta abu ya gagare shi.

Akwai farar ambulan ta asibiti a saman firji. Ta ga ina kallo, ta gaya mini abin da ke ciki. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na ce zan shiga. Ta ce in bari, in ya ganni yanzu girman kai ne zai yi magana ba shi ba. Na rubuta a bayan takardar sayayyarta: «Yaya, na yi kuskure biyu, na san su duka. Ban san gyaran ba. Kai ka sani.» Na bar mata.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau ce ranar da Mai Hanci ya ce. Na roƙe shi kwana biyu. Ya ja dogon numfashin nan nasa a waya, ya ce biyu kawai.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yaya ya zo. Hawa uku da babban goge a baya, tela yana biye da shi yana roƙon ya kawo ya riƙe masa, Yaya yana ce masa ya koma kan ɗinkinsa. Ya zauna a kujerar fiyano yana haki, ya ƙi ruwa, ya ce in kawo babi na uku, na farkon mai karkarwar, ba wanda na sake rubutawa na lalata ba.

Ya shimfiɗa shafukan a ƙasa ya daɗe yana kallo. Na fara ba da haƙuri ya ɗaga mini hannu.

«Kin ɗauki kayana kin raba wa mutum uku da ba su san nauyinsa ba, ni kuma kin ba ni nasu. Ba ni kayana. Su su riƙe dogon sautin, ai hannuwansu lafiya lau.»

Na ce mutane za su gani.

«Suna gani da ma, Auta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.»

Sannan ya shiga yi mini gyara kamar ina aji ɗaya. Wai ƙirgata ba daidai ba ce. Bakwai ɗin nan ta ranar ce kawai. Da safe biyar ne, in ya gaji bakwai, in ransa ya ɓaci yakan kai tara, kuma makon jiya albarkacina ya ga sha ɗaya. Don haka kada in rubuta masa lamba, in bar masa fili, hannun zai faɗi nasa a ranar, sauran su saurare shi su bi. Na ce ke nan a babi na uku ba Mai Hanci ne zai ba da alamar shiga ba. Ya ce hancin nan ya yi mulki shekara goma sha tara, ya isa.

Mun yi dariya. Daga nan na shiga kicin na yi kukana, shi kuma ya yi kamar yana gyara tsirkiya.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Kwana biyu ina kwafa, yatsuna sun yi baƙi da fensir. Na mayar masa da gudunsa a babi na ɗaya da na biyu. Dogo da ya ga an ba shi bugu talatin da biyu siriri ya ce shi wane laifi ya yi.

A gwaji sai da aka yi sau tara kafin su iya bin hannun da ba ya bin agogo. Malama ce ta fara kamawa, ta daina kallon takarda ta koma kallon wuyan hannunsa.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sakatariya ta ce yau za a kai wa masu buga takarda, ko da bayanina ko babu. Na karanta wa Yaya abin da na rubuta a waya. Ya ce in tura. Layi biyu ne maimakon goma: «Daga hannun yayana na dama na samo wannan kiɗa. Na ɗauka ban tambaya ba, daga baya ya ba ni.»

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

An yi. Na zauna a layin ƙarshe kusa da ƙofa, Anti tana riƙe da gefen mayafina.

A babi na biyu Yaya ya kuskure wuri biyu, ni da su ukun kawai muka sani. A babi na uku ya ɗora sanda, aka jira. Hannun ya fara, na ƙirga ba da niyya ba, shida ne yau. Su ukun suka shigo ƙarƙashinsa a hankali suka riƙe shi har ƙarshe. Wani tsoho a gabana ya saka hannunsa na dama a aljihu, can kuma ya ciro shi ya ɗora a gwiwa.

Ban san ko an tafa da yawa ba. Ina kallon Yaya yana ƙoƙarin tashi da gogen, Mai Hanci ya miƙa hannu ya karɓa, shi kuma ya bari.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yaya ya aiko in zo shan shayi. Na tarar ya ajiye takardarsa ta babi na uku a kan tebur, filin da na bar masa fari fat. Ya ce ya yi magana da su Mai Hanci, zai kai ƙarshen shekara, daga nan matar nan ta ɗayan rukunin za ta zauna a kujerarsa. Ya faɗa kamar mai ba da labarin farashin mai. Na buɗe baki ya ce ba shawara yake nema ba.

«Ita hannunta lafiya lau, ba za ta san yadda ake yi ba. In kin bar mata fili, ƙawa za ta yi da shi. Ɗauko littafin nan naki. Ki rubuta mata na safe da na gajiya da na fushi, duka. Ki ƙirga da kyau wannan karon.»

Ya ɗauki kofin, cokali a ciki, ya miƙo hannun tsakiyar tebur. Na buɗe littafi, na riƙe fensir, sai na ga na ajiye fensirin na kama hannun da nawa biyu. Cokalin ya yi shiru. Mun jima a haka.

«Auta,» ya ce, «in kin riƙe ai ba za ki ji komai ba.»

Na sake shi, na ɗauki fensir. Biyar ne, na safe.